Wane kiɗan jazz ya dace da taron rawar swing?

Malam, ka ce kai za ka saka kiɗa a taron swing, wato rawar da ake yi bibbiyu da kiɗan jazz, kana gudun waɗanda kunne ya gaji da su. Biyu ne kan gaba a cikin waɗanda aka gaji da su: "In the Mood" na Glenn Miller, na 1939, da "Sing, Sing, Sing" na Benny Goodman, na 1937. Na biyun ga sauri, ga shi ya haura minti 8. Kafin ganga ta lafa, sababbin masu rawa sun jiƙe sharkaf, sun nemi kujera.

Ni kiɗan Count Basie nake so, ga biyu daga cikin nasa. "Shiny Stockings" a natse yake tafiya, ƙafa tana samun wurin sauka. "Jumpin' at the Woodside" kuwa, ajiye shi sai fili ya ɗau zafi.

Kada ka jera masu sauri bi da bi. In akwai 'yan koyo, tambayi malamin rawarsu saurin da za su iya bi.