Amsa kan ko yawan cin abinci iri ɗaya yana jawo alaji

Malama, kin tambaya ko ba yaro ƙwai da madara kullum zai iya sa jikinsa ya fara ƙin su, tunda an ba ki shawarar ki riƙa canza masa abinci duk bayan 'yan kwanaki don gudun alaji. Na daɗe ina aikin jinya a sashen yara, kuma abin da na gani ya yi daidai da abin da bincike ya nuna: yawan cin abu ba shi ne ke haifar da alaji ba, hasali ma sau da yawa shi ne ke hana shi.

Alaji na gaskiya aikin garkuwar jiki ne. Garkuwar ce ke ɗaukar wani furotin na cikin abinci a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa sinadarin kariya da ake kira IgE, sai ya zama duk lokacin da aka ci abin, jiki ya saki histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi. Daga nan sai borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai, wani lokaci har da sarƙewar numfashi, kuma galibi cikin mintuna zuwa awa 2. Ɗan kaɗan ya isa ya tayar da shi, ba sai an ci da yawa ba. Shi kuwa hanji, aikinsa shi ne koya wa garkuwa cewa abin da ke wucewa ta cikinsa a kai a kai ba abin yaƙa ba ne.

Hujja mafi ƙarfi da na sani ta fito ne daga gyaɗa. A 2008 an lura cewa yaran Yahudawa da ke Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau 10 wajen kamuwa da alajin gyaɗa, alhali na Isra'ila su ne ke cinta tun suna jarirai. Wannan ya kai ga binciken LEAP da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka wallafa a 2015. An ɗauki jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka riƙa ba rabinsu abinci mai gyaɗa a kai a kai har suka kai shekara 5, rabin kuma aka hana su. Waɗanda suka riƙa ci, alajin ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100. Bayan wannan sakamako ne likitoci a ƙasashe da dama suka sauya shawarar da suke ba iyaye.

To daga ina wannan zato ya samo asali? A ganina akwai abu biyu da ake cakuɗawa da alaji. Na farko shi ne gazawar ciki wajen narkar da wani abu, kuma madara ce babban misali. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana raguwa a jikinsu bayan yarinta. Mai irin wannan hali yakan iya shan kofi ɗaya lafiya, amma idan ya ƙara sai kumburin ciki da gudawa su biyo baya. A nan yawa yana da tasiri ƙwarai, sai dai madarar ba ita ta haifar da matsalar ba, ta dai fito da ita fili ne, kuma babu hannun garkuwar jiki a ciki.

Na biyun shi ne gwajin jini na IgG (wani sinadarin kariya daban da IgE) da ake tallatawa, wanda ke fitar wa mutum da dogon jerin abincin da wai bai dace da jikinsa ba. Duk wanda ya kawo mini irin wannan takarda, da na duba sai in tarar abincin da ya fi ci ne a sahun gaba, domin IgG shaida ce kawai cewa jiki ya saba haɗuwa da abin. Ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka sun daɗe da cewa kada a dogara da shi. Abin da ya fi damuna shi ne, yaron da ke cin ƙwai lafiya, musamman mai ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi, idan aka yanke masa shi tsawon watanni saboda irin wannan gwaji, yana iya rasa sabon da jikinsa ya yi, ranar da aka dawo da shi kuma alaji na gaske ya bayyana.

Gaskiya ne babban mutum yana iya wayar gari da alajin abin da ya shekara yana ci, an fi ganin haka da jatan lande da kifi. Amma inda aka gano musabbabi, sau da yawa ba ta baki abin ya shigo ba. Masu gasa burodi suna kamuwa da asma ne ta shaƙar ƙurar fulawa, a Japan mutane kusan 2,000 sun kamu da alajin alkama ta wani sabulun wanke fuska mai ɗauke da furotin ɗinta, cizon wata irin kaska kuma yana jawo alajin jan nama.

Saboda haka idan yaronki yana cin ƙwai da madara ba tare da wata alama ba, ki ci gaba da ba shi. Ki sarrafa masa abinci iri-iri don ya samu duk abin da jikinsa ke buƙata, wannan dalili ne mai kyau, amma ba don tsoron alaji ba. Idan kuwa kin ga kumburin fuska ko borin jini jim kaɗan bayan ya ci wani abu, ki dakatar da abin ki kai shi ga likita, in kuma numfashinsa ya canza, to wannan na gaggawa ne, domin allurar adrenalin yake buƙata nan take.