Tambaya da Amsa: C ce ko Do? Kuma me ya sa kunnena ba ya kamawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas kenan ina koyon kibod, hannuna ya fara sakewa amma abu biyu sun ɗaure min kai. Mai koya min yana cewa C, D, E, in na shiga YouTube kuma sai in ji ana do, re, mi, har na ga wani yana kiran G da do alhali ni an ce min C ce do, to wanne ne daidai? Na biyu akwai wata da muke koyo tare, ko ta juya baya aka danna maɓalli ɗaya sai ta ce F ce, a duba kuma F ɗin ce. Ni ko sau goma za a danna ba na gane komai. Ko dai ba ni da kunnen kiɗa ne in haƙura? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki haƙura don Allah, kunnenki lafiyarsa ƙalau, kin dai auna shi da mudun da ba nasa ba ne. Bari mu fara da sunayen.

Harufan nan bakwai, A zuwa G, kowanne sunan sauti ne tsayayye da ba ya motsi. A ɗin da ke gaba da C ta tsakiyar kibod ɗinki girgiza ce sau 440 a daƙiƙa ɗaya, a kan haka aka daidaita a wani taro a Landan a 1939. In girgizar ta ninka ta zama 880 sunanta A har yanzu sai dai ta fi siranta, in ta koma 220 nan ma A ce amma mai kauri, shi ya sa babban fiyano mai maɓalli 88 ba ya buƙatar suna 88, sauti 12 ne kawai, fari 7 baƙi 5, suke ta maimaituwa daga hagu zuwa dama.

Do re mi kuma daga Italiya ta fito. Wani malamin coci, Guido na garin Arezzo, a ƙarni na 11 ya tsinto gaɓar farko ta kowane layi na wata waƙar Latin ya samu ut, re, mi, fa, sol, la don ɗalibansa su riƙa tuna sauti da baki. Daga baya ut ta koma do, aka ƙara ta bakwai wato si, wadda a Ingila aka mayar ti a ƙarni na 19, sol kuma ake kiranta so. To ga inda rikicinki yake. A Faransa da Italiya da Sifaniya do ita ce C kullum, sunanta kenan. Amma akwai tsarin da ya bazu daga Ingila inda do ba ta da mazauni ɗaya, duk sautin da waƙa ta maida gidanta, wato inda take komawa ta huta, shi ne do. Waƙar da ke kan G, G ce do ɗinta, A ce re, B ce mi. Kin ga mutumin YouTube bai yi kuskure ba, malaminki ma haka. Ni dai in don horar da kunne ne wannan tsari na biyun nake ba kowa shawara.

Ita ƙawarki abin da take da shi baiwa ce da ba kowa ba, ta ji sauti shi kaɗai ta kira sunansa kamar yadda kike ganin ja ki ce ja. Yawanci ana samunta ne wurin waɗanda suka fara kiɗa tun suna ƙanana sosai, kuma wanda ya girma da wuya ya same ta cikakkiya. Tana da nata wahalar ma, in aka sauke waƙa daga inda suka saba jinta wasunsu sai su rikice. Amma mafi yawan makaɗa da mawaƙa, har da manya, ba da ita suke aiki ba. Tazara suke ji, wato nisan wannan sauti daga gida, kuma wannan kam koyonsa ake yi ko shekarunki nawa.

Kuma kina da tushensa. Faɗi kuka na hawaye, sannan ki faɗi kuka bishiya. Harufa ɗaya, amma a ta biyu muryarki ta sauka a ƙarshe, kuma ba ki taɓa rikita su ba ko ƙato ne ya faɗa ko mai siririyar murya. Wannan fa jin tazara ne, suna kawai ya rage ki saka masa.

Ga yadda za ki yi. Danna C ki riƙe, ki rera ta da bakinki har sai kin ji muryarki da kibod sun haɗe sun zama abu ɗaya, da farko za ki ji kamar suna karo da juna suna rawa, ki ɗan hau ko ki ɗan sauka har rawar ta tsaya. Daga nan ki hau do re mi fa so la ti ki tsaya cak a kan ti, kar ki ƙarasa. Za ki ji wani abu na cizonki a ƙirji kamar an katse miki magana a tsakiya, to wannan ita ce ti, haka take jan mutum zuwa do a kowace waƙa. Ki duba kibod ɗin ma, tsakanin B da C babu baƙin maɓalli, haka tsakanin E da F, rabin taki ne kawai, shi ya sa ti ke manne da do, fa kuma ke son gangarowa kan mi. Kowanne da halinsa, so a tsaye take daram, la kuma akwai ɗan sanyin jiki a tare da ita.

In wannan ya zauna sai ki fara tsalle, do zuwa so, do zuwa mi, ki rera tukuna sannan ki danna ki ji ko kin dace. Baki kafin yatsa, wannan ne wurin da na ga mutane da yawa suna tsallakewa, su sauke manhaja a waya su yi ta canke, alhali abin da maƙogwaro bai iya fitarwa ba da wuya kunne ya riƙe shi. Minti 10 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Kuma ki riƙa canza gida, yau C gobe G jibi F, don kar ki haddace C kaɗai. A kan G ki lura ti ɗinki baƙin maɓalli ce, F shaf, wato baƙin da ke dama da F, in kika danna farar F kunnenki da kansa zai ce miki a'a.

Sai ki kunna duk waƙar da kike so, ki tsayar da ita a tsakiya, ki yi gunjin sautin da kike jin nan ne za ta huta, ki lalubo shi a kibod. Ƙawar nan taki ma ta yi miki amfani, ki ce ta danna miki do sannan ta danna wani kina juye da baya, ki fara da uku kacal, do, mi, so, sai sun zauna ki ƙara re da la.