Tambayoyin Lafiya: An Canza Mini Kamfanin Maganin Damuwa

Tambaya: Likita, wata takwas ke nan ina shan sertraline saboda ciwon damuwa. Wannan karon a kemis aka ba ni na wani kamfani, launinsa daban, tun ranar nake fama da jiri da tashin zuciya. Ko jabu ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ba lalle jabu ba ne. Kowace ƙwaya akwai sinadarin da ke aikin, akwai kuma kayan haɗin da ke riƙe da shi: sitaci, sukarin madara, rini, da ɓawon da aka lulluɓe ta da shi. Sinadarin ɗaya ne, kayan haɗin kuwa kowane kamfani da nasa. Yawancin mutane ba sa jin wani bambanci. Sai dai kayan haɗin suna da hannu a saurin narkewar ƙwaya a ciki. A 2012 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta tabbatar maganin damuwa Budeprion XL mai miligiram 300 ba ya sakin sinadarinsa, wato bupropion, cikin jini yadda na asali, Wellbutrin XL, ke yi, aka janye Budeprion ɗin daga kasuwa, bayan majinyata sun shekara da shekaru suna kuka. Shi ya sa ba na yarda a ce wa mara lafiya "tunaninki ne kawai".

Ki ajiye kwalayen biyu gefe da gefe. Miligiram ɗin daidai yake da na da? Akwai lambar NAFDAC? Ki kai wa likitanki su duka. Don Allah kada ki yanke shan maganin kwatsam, jirin zai ƙaru, damuwar ma tana iya dawowa.

Tambaya: Mahaifiyata ba ta iya haɗiye ƙwaya, nakan daka mata in zuba a kunu. Akwai matsala?

Amsa: Allah Ya yi maka albarka da wannan hidima. Duba sunan maganin. In ka ga XL, XR ko SR, kada ka daka. An ƙera shi ne ya riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon yini. Ka daka shi, duka zai afka mata lokaci guda. A bupropion hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka gaya wa likita, wasu magungunan akwai na ruwa, akwai kuma maganin damuwa mirtazapine mai narkewa a kan harshe.

Tambaya: An ce kwanson kafso daga alade ake yinsa. Ni fluoxetine nake sha, hankalina ya tashi.

Amsa: Malam, yawancin kwanson jelatin ne, daga fata ko ƙashin saniya ko alade, wasu kuma daga tsirrai. Takardar cikin kwali ba kullum take faɗin dabbar ba, sai mai harhaɗa magunguna ya bincika maka wajen kamfanin. Hukuncin lalura na malamai ne. Nawa shi ne ka ci gaba da sha kafin a nemo maka fluoxetine na ƙwaya ko na ruwa. Na ruwan ma ka tambayi abin da ke ciki, domin sertraline na ruwa, alal misali, yana ɗauke da barasa kashi 12 cikin 100.