Tambaya da Amsa: Nutso da Tukunyar Iska a Bahar Maliya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a bakin Dam ɗin Tiga, tun ina yaro nake nutso in ciro taru idan ya maƙale. Ƙanena da ke aiki a Jidda ya turo mini bidiyon masu nutso cikin murjani goye da tukunyar iska, ya ce in na je zai kai ni. Wanda ya saba da ruwa kamar ni sai ya koya? Kuma zan iya fara gwadawa a nan da injin mai faci da tiyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injin mai faci kam, don Allah kada ka kusance shi. Iskarsa na ɗauke da tururin mai da hayaƙin inji, mutum na iya suma a ƙasan ruwa ba tare da ya ji alamar komai ba.

Koyo kuwa dole ne, domin gwanintarka ta riƙe numfashi ita ce babban haɗarinka. In ka nutse da iskar da ka shaƙa a sama, ruwa zai matse ta, ka taso ta koma yadda take. Tukunya kuwa tana cika maka huhu daidai da matsin wurin da kake. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama sau biyu, a mita 20 sau uku. To ka cika ƙirji a mita 10, ka datse numfashi ka taso: iskar za ta kumbura ta ninka, huhu ya yage, kumfa ya shiga jini har ya kai ƙwaƙwalwa. Ko a ruwan da bai wuce mita biyu ba hakan na faruwa. Shi ya sa dokar farko ita ce ka yi ta numfashi a hankali, kada ka tsaya ko sau ɗaya.

Abin da ke cikin tukunyar, iskar duniya ce da aka tace aka matse, oksijin kashi 21 cikin 100, sauran kusan duk naitirojin. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa awo 200, wato matsin iskar duniya sau 200, na ɗauke da iska lita 2,400. Mai shaƙar lita 20 a minti ɗaya a tudu zai ci 60 a mita 20. Ware awo 50 na ajiya, abin da ya rage bai wuce na minti 30 ba. Ido a kan agogon iska kullum.

Naitirojin ɗin nan yana narkewa cikin jiki. In ka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza, ya kawo ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har shanyewar jiki. Kada ka wuce mita 9 a minti ɗaya wajen tasowa, ka dakata minti 3 a mita 5. Wajen sauka, toshe hanci ka hura a hankali tun kunne bai fara zafi ba. Mai mura ya haƙura. Sabon shiga ba ya wuce mita 18, ba ya nutso shi kaɗai, kuma bayan nutso fiye da ɗaya sai ya jira awa 18 kafin ya hau jirgin sama.

Murjanin da ka gani ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai, da wata gansakuka a jikinsu mai ba su abinci da launi. Ruwa ya yi zafi da yawa, sai su fitar da ita su yi fari fat. Matsa kusa ka kasa kunne, za ka ji ƙaras-ƙaras: wani kifi ne mai baki kamar na aku yana kankare murjani, ya kasayar da farin yashi. Za ka ga ƙaton kifi ya hangame baki, ɗan ƙarami yana tsince masa ƙwari tsakanin haƙora, bai kuwa haɗiye shi ba. Tafi da tocilan, don jan launi yana dusashewa tun daga mita 5.

Hannun masunci ya saba da cafka, amma a can ka naɗe shi a ƙirji. Akwai kifin da ke kwanciya kamar dutse, ƙayar bayansa cike da dafi. In ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafin da fata za ta iya jurewa, kamar digiri 45, na minti 30 zuwa 90, a garzaya da shi asibiti.