Na Karɓo Kwikwiyo Ruwa-Biyu: Daga Ina Zan Fara?

Tambaya: Likita, na karɓo ɗan kwikwiyo daga gidan da ake kula da karnukan da aka tsinta. Ruwa-biyu ne, ba a san uwarsa ba balle ubansa, sun ce ya kai mako takwas. Yaya zan gane irinsa da girman da zai yi, kuma me zan fara yi masa?

Amsa: Malam, maganar iri ka ajiye ta gefe tukuna. Ko masana kan yi kuskure idan da ido suka kimanta, girman tafin ƙafa kuma da mutane ke dubawa ba ma'auni ba ne. Ka auna nauyinsa idan ya cika mako 16, ka ninka sau biyu. Wannan zai ba ka kintacen nauyinsa idan ya girma, in dai matsakaicin kare ne. Shekaru kuwa haƙora ke faɗa: na nono 28 ne, suna fara faɗuwa wajen wata uku zuwa huɗu, manyan 42 su kammala fitowa wajen wata bakwai.

Abin da ya fi gaggawa shi ne rigakafi. Ka nemi katinsa a inda ka karɓo shi. In babu, a ɗauka ba a taɓa yi masa komai ba. Ana fara allurar haɗaka da ke kare shi daga cutar farbo (mai sa amai da zawon jini) da distemfa (cutar karnuka mai taɓa numfashi da ƙwaƙwalwa) da ciwon hanta tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Dalilin maimaicin shi ne garkuwar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma babu mai sanin ranar da za ta ƙare a jikinsa. Allurar ciwon haukan kare kuwa ana yin ta daga mako 12.

Farbo ce ke kashe irin waɗannan ƴan kwikwiyo. Za ka ga ya ƙi abinci, ya yi laushi, sai amai, sai zawo mai jini da ƙarni. Ka ɗaga leɓensa: idan dasashi ya bushe ko ya yi fari, kada ka jira gari ya waye, ka kai shi asibitin dabbobi. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, sabulu ba ya kashe ta, sai bilic (ruwan sa tufafi fari da kashe ƙwayoyin cuta) kashi ɗaya cikin ruwa kashi talatin. Saboda haka kada ya taka inda baƙin karnuka ke kashi har allurai su cika. Amma kada ka kulle shi. Kafin mako 14 ne yake sabawa da mutane da ƙarar mota da taɓa kunne da ƙafa, don haka ka riƙa fita da shi a hannu.

Maganin tsutsar ciki duk mako biyu har mako 12, sannan wata-wata har wata shida, gwargwadon nauyi. A nan ne rashin sanin iri ke da haɗari: karnukan da ke da jinin Collie (wani irin karen kiwo na Turai) wasunsu ba sa jure maganin tsutsa na ivermectin idan an ba da yawa, har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kada ka saya ka ba shi da ka. Farasitamol da ibuprofen na mutane ma haka.

Abinci sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Ka ci gaba da wanda ya saba, in za ka canza ka riƙa gauraya sabon kaɗan-kaɗan cikin kwana bakwai, in ba haka ba zai yi zawon da za ka ɗauka farbo ce. Albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan da dafaffen ƙashi kada su shiga kwanonsa.

Fitsari a ɗaki ba taurin kai ba ne, mararsa ce ƙarama. Ka fitar da shi da zarar ya farka, ya ci ko ya gama wasa, wuri ɗaya kullum, ka yaba masa nan take. Duka ba ya koya masa komai sai ɓuya ya yi a bayan kujera.