Akwai Bes Da Ya Fi Sodar Sabulu Ƙarfi?

Tambaya: Ina haɗa sabulu da soda, kuma ina karantar kimiyyar sinadarai. An ce mana akwai bes, wato kishiyar asid, mai tsananin ƙarfi da ya fi soda nesa ba kusa ba. Idan na cika soda da yawa a ruwa kaɗan, zan same shi?
Daga wata ɗaliba, Kawo, Kaduna

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Ƙarfin bes ba a yawansa yake ba, yana cikin iyawarsa ta fizge furoton (ƙwayar haidirojin mai caji, H+) daga wani sinadari. Ana auna wannan da lambar pKa ta abin da bes ɗin ya koma bayan ya karɓi furoton; gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin bes ɗin. Soda, wato NaOH, tana komawa ruwa, lambarsa 15.7. A cikin bes masu tsananin ƙarfi kuwa, wanda ake kira LDA wajen 36 ne, butil-litiyam kuma wajen 50. Kowace lamba ɗaya ninki goma ce, kin ga tazarar ba ta wasa ba ce.

Ruwan da kike narka sodar a ciki shi ne shingen. Duk bes ɗin da ya fi haidiroksaid (OH ɗin da ke cikin soda) ƙarfi, yana taɓa ruwa sai ya ƙwace furoton ɗin ruwan, abin da ya rage haidiroksaid ne kawai. Zuba NaH, wani bes da ya fi soda ƙarfi, a ruwa, soda za ki samu da iskar haidirojin mai kama wuta. Shi ya sa ake sayar da NaH kashi 60 cikin ɗari a cikin mai.

Don haka aiki da irin waɗannan bes duk gudun laima ne. Ana gasa kwalabe a tanda har su bushe ƙarau, a cika su da iskar naitirojin ko agon, a ɗebi ruwan butil-litiyam da sirinji. Aikin LDA galibi a cikin busasshen THF (wani ruwan narka sinadarai) ake yinsa, a sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri, domin idan ya ɗumama, butil-litiyam ɗin da ake haɗa LDA da shi yakan fara cin THF ɗin kansa. A daminar Kaduna kuwa, murfin kwalbar butil-litiyam ya ɗan saki kaɗan, sai farin gari ya kwanta a gindin kwalba, ƙarfin ya ragu, adadin da ke jikin takarda ya zama ƙarya. Sai an sake aunawa kafin amfani. Nau'in tert-butil-litiyam ma iska kaɗai ta ishe shi kama wuta, kuma ba a kashe wutarsa da ruwa, sai da abu kamar busasshen yashi.

Ga sabulu, sodar ta isa. Ƙarin da ya wuce ma'auni sabulu mai cin fata zai ba ki.