Wai da gaske biri na aiki da kayan aiki?

Malam mai tambaya ko birin cimfanzi na daji na amfani da kayan aiki, wallahi gaskiya ne. Tun 1960 Jane Goodall, mai binciken birai 'yar Birtaniya, ta gansu a Gombe ta Tanzaniya, ba Gomben mu ba fa, suna zage ganyen tsinke su zura cikin suri, gara ta ciji tsinken, su zaro su lashe abinsu. Na Kodebuwa kuma da dutse suke fasa ƙwallon itace, ƙaramin sai ya yi shekaru yana kallon uwarsa kafin ya iya. Mu nan Zariya ba mu da su, amma akwai a gandun dajin Gashaka Gumti can Taraba, da sanda suke ciro zuma, ni dai abin da ke damuna saran daji na ta cinye musu gida.